Renon Kunama Marar Wutsiya

Idan aka tambaye ni aikin maigidana, cewa nake yi ma'aikacin gwamnati ne, in ja bakina in yi shiru. Ba ƙarya na yi ba. Amma gaskiyar magana, Malam ya ƙare ƙuruciyarsa, ya shiga tsufa, yana ƙirga gashin hannun wani ƙwaro da bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba.

Ƙwaron kamar kunama yake, ƙafa takwas, da hannuwa biyu masu kama da awartaki, sai dai ba wutsiya ba ƙari. A wurin aikinsu kunamar ƙarya suke ce mata. Ba ta harbi, ba ta cin hatsi, ba ta sa cuta, ba ta kuma maganin komai. Tun ina amarya na tambaye shi, to me ake yi da ita? Ya ce, "Saninta ake yi." Ban sake tambaya ba.

Ofishinsa ɗaki ne a ƙarshen baranda, a gidan da gwamnati ke adana halittu. Taga ɗaya, kujera ɗaya, kabad maƙare da ƙananan kwalabe, kowace da gawa ɗaya tana iyo a sifirit, sai na'urar duba ƙananan abubuwa a kan tebur. Daga nesa ake aiko masa da su. Ya sa allura ya cire hannu ɗaya, ya kwantar a kan ɗan gilashi, ya auna tsawo da kauri, ya ƙirga haƙoran da ke jere a cikin yatsun, ya duba ko tana da ido huɗu, ko biyu, ko babu, ya duba inda kowane dogon gashi ya tsiro. Sannan ya sanar da mai ita cewa taka wance ce, wane ya raɗa mata suna tun kafin a haife mu. A al'adarsu, wanda ya fara bayyana sabon iri dalla-dalla shi ke raɗa suna, sunan kuma ya zauna har abada. Malam duk wadda ya taɓa, sai ya tarar wani ya riga shi.

A gida kuwa mutum ne da ba ya ganin abin da ya wuce girman farce. Na taɓa sauya labulen falo gaba ɗaya, sai da ƙanwarsa ta zo ta yaba, ya ɗaga kai ya ce ashe. Ranar auren babban ɗanmu an neme shi a yi hoto, aka same shi a bayan zauren taron yana ɓare ɓawon wata bishiya da mukullin mota. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Ka ba shi abinci ya cinye, ya ce an gode, kamar baƙo.

Saura 'yan watanni ya yi ritaya abin ya faru. Ni tela ce, ina tara tsofaffin jaridu a ƙarƙashin teburin ɗinki don yanka samfuri. Na jawo su ke nan sai ga wani ɗan mitsitsin abu yana gudu da baya, hannuwa a sama kamar wanda aka tare a hanya. Har na ɗaga babban yatsa. Malam yana bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya ce, "Kada ki motsa." Ko ranar da gobara ta tashi a kicin bai yi mini magana da wannan muryar ba.

Ashe kunamar ƙarya ce. Ya sa ta a kwalba, ya sa kwalbar a firjina kusa da madara, wai sanyi zai sa ta yi laƙwas ya duba ta da rai. Ya tafi da ita ofis, ya dawo da yamma, ya zauna a gefen gado bai cire hula ba.

"Sabuwa ce," ya ce. "Yatsanta na sama a lanƙwashe yake, haƙoran kuma a warwatse. Na duba duk abin da aka rubuta, babu irinta."

Na ce to madalla.

"Sunanki zan sa mata."

Wallahi da farko raina ɓaci ya yi. Na ce duk duniya ka rasa abin da za ka haɗa ni da shi sai ƙwaro, ƙwaron ma na ƙarya. Da ƙanwarsa ta ji, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta koma kirana uwar kunama. Amma da na kwana na tashi, sai abin ya zauna mini. Mutumin nan bai taɓa saya mini ko ɗankunne ba tare da ya tambaye ni launi da farashi ba. Abu ɗaya ya jira duk rayuwarsa, da ya samu kuma ni ya fara tunawa. Ban faɗa masa ba, amma na so sunan nan.

Sai ga matsala. A hannun babbar kunamar ƙarya akwai dogayen gashi goma sha biyu, waɗanda take jin motsin iska da su, takwas a yatsa ɗaya, huɗu a ɗayan. Tamu goma gare ta. Wato yarinya ce, saura mata saɓa ɗaya ta girma, kuma Malam ya ce mai mutunci ba ya raɗa suna da yarinya, don idan ta girma kamanninta na iya sauyawa. Muka kwashe ɗakin ɗinkin nan tsaf muna neman uwarta ko ubanta. Mun samu almakashina da ya ɓace, da gizo-gizo iri-iri, amma ita kaɗai ce.

Haka muka shiga reno da tsufanmu. Kwalba, da ɗan auduga mai laima, da guntun ɓawon itace. Abincinta wasu ƙwari ne da suka fi ta ƙanƙanta, masu zama a tsohuwar takarda, kuma da yake idona ya saba da zare da allura, ni aka ɗora wa farauta. Da jiƙaƙƙen buroshi nake ɗauko su. Aka hana fesa maganin sauro a gidan, sauro suka yi ta shagalinsu a jikinmu. Aka mayar da keken ɗinkina baranda, wai girgizarsa na damun ta. 'Ya'yan da na haifa ma ba a yi musu wannan gatan ba.

Rannan ta saƙa wa kanta wani ɗan ɗaki fari a jikin ɓawon, ta shige ta rufe. Makonni ba motsi. Malam ya rame. Ya dawo daga aiki ya wuce ni a tsakar gida, ya je ya gaishe da kwalba. Da ta fito, fara fat take, a hankali ta yi ja. Ya sake sa ta a firji, ya tafi da ita, ya dawo ya ce, "Sha biyu. Mace ce. Yatsan yana nan a lanƙwashe."

Abin da ya rage ɗaya ne: a tsoma ta a sifirit, a cire hannun, a auna, a zana, a rubuta. Malam ya tsoma dubbai a rayuwarsa. Amma waɗancan ko dai a mace suka zo masa, ko kuma gaisuwar minti ɗaya ce tsakaninsu. Ya tafi da ita ofis, ya dawo da ita. Ya ce hasken yau ba kyau. Washegari ya ce sifirit ɗin ya tsufa. Na gaji na ce, "Malam, ba ni nan in tsoma ta. Ni da nake fige kaza ba ƙwaro ne zai gagare ni ba."

Ya ce, "Ta san motsin hannunki. Ba ki ga idan kin buɗe murfin tana tahowa ba?"

Na ce yunwa ce.

Ya ce, "Yaranmu ma da haka suka fara."

Na yi tsaki na fita. Amma ni ma ban sake ɗauko maganar ba, don gaskiya tana tahowa ɗin.

Ritaya ta zo, ya miƙa mukulli da na'ura ga wadda ta gaje shi, tsohuwar ɗalibarsa, wadda kowa ke kira Dakta. Ya ce mini ba komai, idan kunamar ta mutu da kanta, zai je ya ari na'urar ya gama aikin. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, 'yar banzar nan ta samu ci da sha da kwanciyar hankali, ta ƙi mutuwa. Ta haura shekara biyu. A tsakanin nan hawan jinin ido ya kama shi. Aka yi ta ɗiga magani, gani yana ta tsukewa, har ya zamana sai ya ji muryata yake sanin ta wane gefe nake.

Ni na sami kunamar wata safiya a kwance ta mutu, hannuwan a naɗe. Yana faɗa mini yadda ake yi, na ɗauke ta da buroshi na sa a sifirit. Na riƙe hannunsa muka shiga mota zuwa tsohon ofishinsa. Dakta ta tashi ta ba shi kujera, ta cire hannun da kanta ta kwantar a gilashi. Malam ya kafa ido a na'urar, ya yi ta murɗa maɓalli, gaba, baya. Can ya ce, "Kunna fitilar mana." Fitilar a kunne take. Dakta ta kalle ni, ni kuma na kalli taga.

Ya ɗago ya ce, "Ki gama aikin, 'yata. Taki ce."

A hanya na ce masa, "Ai sai ka faɗa mata sunan."

"Wanda ya ƙirga shi ke raɗawa," ya ce. "Ba a sa wa mai aiki baki."

Na ce to ni zan faɗa mata. Ya ce kada in soma. Ni ɗin ma da wane baki zan je wurin yarinyar da na haifi sa'arta, in ce don Allah ki sa wa ƙwaro sunana? Muka zuba wa sarautar Allah ido.

Bayan wasu watanni Dakta ta zo gida da mujallar da aka buga aikin a ciki, tana ta murmushi. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta zauna kusa da shi ta karanta masa komai, tsawon hannu, yawan haƙora, mazaunin kowane gashi, yana gyaɗa kai, wani wurin ya ce haka ne. Sannan ta gyara murya ta karanta sunan. Sunan Malam ne, an ƙara masa harafi a ƙarshe yadda suke yi. A ƙasa ta rubuta cewa don girmama malaminta, wanda ya samo ta kuma ya rene ta. Yarinyar kirki, har da ƙwalla a idonta. A wurinsu babu karramawar da ta fi wannan, tun da mutum ba ya raɗa wa halitta sunan kansa, sai dai wani ya yi masa.

Malam ya ce, "Na gode. Allah ya yi albarka." Na kawo mata ruwa, na raka ta bakin ƙofa.

Da na dawo na ce, "Ko za a iya gyarawa?"

"Da zarar an buga, shi ke nan."

Na ce ai ba komai, wa ke son sunansa a jikin ƙwaro. Ƙarya nake yi, shi ma ya san ƙarya nake yi. Abin ya yi mini ciwo sosai, har yau kuma yana yi.

Ya lalubo hannuna, abin da bai taɓa yi ba da rana tsaka, ya ce, "Abu ɗaya na tanadar miki, shi ma ni aka ba. Ki yi haƙuri."

Na zauna a gefensa. Ba mu ɗora tukunya ba ranar sai bayan la'asar.