Ma'aikaci na Uku

Tun tana ƙarama ake kiranta Ganau, don babu abin da zai gilma a gidansu ba ta gani ba, kuma ba ta faɗa ba. Ita ta tona asirin yayanta da sigari, ita ta fara gane maƙwabcinsu ya sa haƙorin roba. Mahaifiyarta kan ce, "Idon nan naki, wata rana sai ya ja wa wani." A yi dariya a wuce.

Shekara goma sha biyu ta yi tana koyar da kimiyya a sakandare, sannan ta koma jami'a yin digiri na biyu, a sashen da ke nazarin yadda mutane ke aiki da na'urori. Ta zaɓi matatar ruwan birni. Wata biyar tana zaune kan benci a ɗakin gwaji da rakoda a cinya, har ma'aikata suka daina lura da ita.

A can ta saba da wani dattijo mai awon ruwa, saura shekara biyu ya yi ritaya. Shi ya nuna mata littattafansa biyu. Babban na ofis ne, inda lambobi kullum suke fita yadda manya ke so. Ƙaramin yana aljihunsa, a ciki yake rubuta ainihin abin da na'ura ta nuna, da shi kuma yake sanin ranar da zai ƙara wa ruwa magani ba tare da ya jira izini ba.

"'Yata, in maganar nan ta fita, kora ce," in ji shi.

"Baba, sunanka ba zai fito ba. Na yi maka alkawari."

Ta sa labarin littattafan biyu a kundin digirinta, shi kuma a rubutun ya zama Ma'aikaci na Uku, ta ɗauka shi ke nan ta rufe.

Ajin koyon rubutu na ranar Talata ne ya ɓallo ruwa. Farfesan da ke duba aikinta ba ya wasa da jan biro. Ya maido mata babi na huɗu kamar an yanka kaza a kansa. "Wannan ba mutum ba ne, lamba ce," ya ce. "Ban gan shi ba. Ki nuna min shi!"

A ce wa Ganau ta nuna! Ai an sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. Ta rubuta yadda dattijon ke ƙwanƙwasa gilashin na'ura sau uku da guntun yatsansa kafin ya karanta. Ta rubuta tarinsa, da kofin shayinsa mai karyayyen hannu, da yadda yake kiran famfo na biyu "tsohuwa". Farfesa ya karanta wa aji, ɗalibai suka tafa, daɗi ya kashe ta. Sau ɗaya ta yi shakka, ranar da ta kai kwafi huɗu wurin mai ɗinka littattafai. Ta ce da zuciyarta ai babu suna.

Ranar kare kundin ta tarar da mutum biyar a dogon tebur, fanka na ƙara a sama. Shugaban sashe ya gabatar da mai jarrabawa daga waje: gogaggen injiniya, wanda a matatar ya fara aiki, yanzu kuma yana hukumar da ke kula da matatar.

Mutumin bai tsananta mata ba ko kaɗan. Murya a sanyaye ya yaba tsarin binciken, ya gyara mata waƙafi biyu. Sannan ya buɗe wani shafi da ya lanƙwashe gefensa.

"Babi na huɗu ya burge ni. Kamar ina ganin mutumin." Ya ƙwanƙwasa tebur sau uku da yatsa, ya yi murmushi. "Ashe har yau bai sake kofin nan ba."

Ta ci jarrabawa, har da yabo. A baranda ƙawayenta na rungumarta, ita kuwa tsoro da kunya sun cika ta. Wayarta ta yi ƙara. Dattijon ne.

"'Yata, ya aka ƙare? Tun safe nake miki addu'a."

"An ci, Baba."

"Madalla! Ni ma an aiko in je ofis gobe, wai in taho da littattafaina." Ya yi tari. "Duka biyun aka ce."