Rizistar da ta dinga ƙonewa a masallacinmu

Shekarun baya can, lokacin da nake ganin kaina injiniya don kawai na iya riƙe ƙarfen dalma, muryar mahaifina ta fara rauni. Shi ne ladanin masallacin ƙauyenmu, kusa da Mairuwa, tun kafin a haife ni. Mutanen ƙarshen gari suka fara ƙorafin ba sa jin kiran salla, har dattawa suka soma maganar a ba wani mai jini a jika ladancin. Baba kuwa ko tuwon kirki ya daina ci.

Na ce zan haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin murya. Na je Funtuwa na sayo tiransista da sauran tarkace, na harhaɗa a akwatin tsohuwar rediyo, na jona da batirin mota da lasifika guda a kan rufin masallaci. Kwanakin farko lafiya lau, ina yawo a gari ina ɗaga kafaɗa.

Ran nan ana tsakiyar kiran la'asar sai murya ta shaƙe, ta ɗauke ɗif. Na ruga na tarar ƙauri ya cika masallaci. Wata rizista, ɗan abin nan mai kamar ƙwayar wake da ke rage ƙarfin wuta, ta yi baƙi ƙirin. Na canza ta. Washegari sabuwar ma ta yi zafin da sai da ta tasar min bororo a yatsa.

Abin da ya ɗaure min kai, in na gwada akwatin a ɗakina sai ya wuni yana aiki, rizista ko ɗumi ba ta yi. Da na mayar masallaci sai ta ɗau zafi. Na auna batir, na sake dalma, na canza tiransista, duk a banza. Lokacin salla na gabatowa gabana ke fara faɗuwa. Liman ya ja ni gefe ya ce, "In wanga abu naka ba ya yi, ka hwaɗa mamu gaskiya. Bayan Juma'a za mu yanke shawara."

Ran Alhamis da hantsi na ce bari in bi wayar lasifikar kanta. Daidai inda ta fita ta taga na ga an murɗa mata wata siririyar waya, an bi da ita gindin katanga an rufe da laka. Na yi ta binta har cikin gidanmu, har ɗakin mahaifiyata, inda na tarar da ƙaramar lasifikar rediyo rataye a saman gadonta. Lasifika biyu a haɗe haka na jan wutar da ta fi ƙarfin abin da na haɗa.

Na sami Baba a zaure na durƙusa. "Baba, wa ya jona wayar nan?"

Ya kau da kai yana jan carbi. Can ya ce, "Don tsohuwar taku na jona, kunnenta ya yi nauyi. Tun da aka kawo ta gidanga da kirana take salla."

"To mi ya hana ku hwaɗa mani?"

"Kai, wannan maganar yi da ɗa ce?" Sannan ya ƙara da cewa, "In dole sai an cire guda, bar mata tata. Su ba wani ladancin, ni in riƙa kira mata ita kaɗai."

Ban cire ko ɗaya ba. Na ciro wata rizista daga tarkacena na sa a wayar ɗakinta, don ta riƙa jan wuta kaɗan. Ran Juma'a yatsana na kan rizistar akwatin tun daga farkon kira har ƙarshe, zufa na keto min. Ɗumi kawai ta yi. Dattawa ba su sake tada maganar ba.

Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Na taso a gidan ban taɓa jin ya kira sunanta ba, ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. Ni ina ta fargabar kada a raba shi da ladanci, ashe shi a shirye yake ya bar wa gari duka, in dai ita za ta ji shi.