Yumɓun da Shanu Ke Lasa

Ranar wata Asabar da hantsi, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, ni da Inna da Gwoggo Talatu, ƙanwar babana, muna bayan gidanmu a Randagi muna tono tukwane daga toka. Inna maginiya ce, da tukwanenta muke ci. Wannan ne gashinta na farko tun da masu haƙar zinariya suka binne ramin da take ɗibar yumɓu. Sabon yumɓun daga wata fadama muka ɗauko shi a ka, can bakin daji, inda shanu ke tsayawa suna lasar ƙasa.

Randar farko ta fito baki a karkace, jikinta na ƙyalli kamar ta soma narkewa. Sauran ma haka. Babu wadda za ta shiga kasuwa.

"Matar Yaya, ki koma suyar ƙosai mana," in ji Gwoggo tana dariya. "Shi ko ya karkace ana saye."

Inna ta gutsuri ɗanyen yumɓu ta ɗora a harshe, sannan ta miƙo mini. Gishiri ne zau.

"Abin da shanun ke lasa ke nan," in ji ta. "Tunda ruwa ya kawo shi, ruwa zai fitar da shi."

Daga ranar, ina dawowa daga makaranta sai rijiya. Mu jiƙa yumɓun a tsofaffin randuna, mu dama, mu bari ya kwanta, mu tsiyaye ruwan, mu sake zuba sabo. Ƙawayena na wasan gaɗa a ƙofar gida, ni ina ɗanɗanar laka. Gashi na biyu rabi ya lalace, Inna ta ce a ƙara wanki. A na gaba ta ƙwanƙwasa randa da yatsa, ta amsa rau. Gwoggo ce ta fara ɗaukar ɗaya.

Sai a sakandare na ji bayanin: wasu gishirai, musamman masu sinadarin sodiyam, irin su gishirin miya da kanwa, idan suka haɗu da yumɓu a wuta sukan rushe shi, ya narke da wuri.

Yau babu mai zuwa fadamar saboda 'yan bindiga, kuma roba ta cika kasuwa. Randar Gwoggo tana nan, har yanzu ruwanta da sanyi.