Igiya Mai Ɗigon Koren Fenti

Ina aji biyu a kolej lokacin da ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya sayo ordinater, wato kwamfuta. Babba ce, baƙin akwati mai tsayi da ekran ɗinsa, allon kallo, daban, ga igiyoyi a baya sun harɗe da juna. Ya ajiye ta a ɗakin da ke jikin zaurenmu, yana buga wa mutane takardu: masu neman aiki, masunta, masu lambu a bakin tabki. Mu yara an hana mu shiga. Mutum ɗaya aka yarda ta riƙe makulli ta share ɗakin da safe, ita ce ɗiyar yayar mahaifiyata, wadda nake ce wa Yaya.

Daga wani ƙauye wajen Safo ta zo, ta zauna gidanmu saboda ƙauyensu babu kolej. Dangin babanta masu bin al'adar kakanni ne, kuma ko da yake tana salla tare da mu, akwai wata 'yar laya ta jar fata a damtsenta wadda ba ta cirewa. Ba wanda ya taɓa yin maganar layar nan sai ranar da ordinater ta ƙi tashi.

Na san yadda take tashi, don kullum ina leƙe ta taga. Idan Baba Ƙarami ya danna maɓallin gaba, sai wata shuɗiyar wuta ta kama, fanka ta ciki ta fara huci a hankali. Ran nan ya danna, shiru. Ya sake dannawa ya riƙe, shiru. Ekran kuwa 'yar wutarsa tana nan a kunne, don shi igiyarsa siririya ce, irin ta daban. Baba Ƙarami ya dubi ƙwan ɗaki, akwai kuran, ba a ɗauke wuta ba. Ya sa cajar wayarsa a piriz ɗin bango, ta kama. Ya canza ralanj, doguwar wayar da ake jona igiyoyi a kanta, ya bubbuga akwatin a gefe kamar yadda ake wa rediyo. Daga nan ya kira wani mai gyara a Maraɗi. Ina jin muryar mutumin ƙasa-ƙasa yana cewa a zare igiya, a jira, a mayar, a tura ta da kyau, a duba ƙaramin maɓallin baya. Duk ya yi. Sai mai gyaran ya ce to a buɗe a shaƙa, ko wani abu ya ƙone.

Baba Ƙarami ya ɗauko turnabis ya kwance ƙusoshin gefen akwatin. Babu ƙauri. Amma ya daɗe yana kallon cikin, sannan ya nuna wasu dogayen gurabu guda biyu da babu komi a cikinsu.

"An cire wani abu nan," in ji shi. Ya ɗaga murya: "Ina yarinyar nan?"

Yaya ta zo da hannunta duk kumfar wanki.

"Ke, wa ya shiga ɗakin nan ban da ke?"

"Ban sani ba, Baba. Shara nake yi in fito."

"Shara? To wa ke taɓa mini haruffa? Kina tsammani ban lura ba? Ƙura na kwanta ko'ina, ban da inda yatsunki suka bi."

Ta sunkuyar da kai. Wannan gaskiya ne, ni ma na taɓa ganinta. Takan tsaya gaban haruffan, na'urar a kashe, tana danna su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi.

"Ko dai kin cire kin ba wani ya ƙetara iyaka da shi, ko kuwa abin da ke damtsenki ne ya kashe mini ita. Zaɓi ɗaya."

Mahaifiyata ta ce daga bakin madafa, "Haba, ƙanena, wannan magana ta yi nauyi." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, don gidan mijinta take, kuma yarinyar tata ce. Da mahaifina ya dawo daga lambu aka gaya masa, ya ce a bar tada murya, kuma kada a kai wa tsoho maganar. Tsohon shi ne Kaka, mahaifinsu, ladanin masallacin unguwarmu. Kunnensa ya yi nauyi, a ɗakinsa yake cin abinci, kuma tun farko bai so a sayi na'urar ba. Hukuncin mahaifina shi ne Yaya ta koma gida ranar kasuwa, har a gane gaskiya. Kowa ya san ma'anar wannan. Wadda ta bar lekol a tsakiyar shekara ta koma ƙauye, gona ce ke jiranta.

Gidan ya cika da kallon gefen ido. Baba Ƙarami ya karɓe makulli. In Yaya ta wuce da kwano, sai ya bi hannunta da kallo. Ƙannena suka daina zama kusa da ita a tabarma. Ni kaina na riƙa lura da ita, ina tambayar zuciyata. Me ya sa ba ta yi kuka ba? Me ya sa ba ta rantse ba? Ta dai wanke kayan lekol ɗinta ta ninke, ta haɗa kaye-kayenta na rubutu ta ɗaure a zane, ta ajiye ƙullin a kan gado. Muna kwana ɗaki ɗaya, amma ban iya ce mata komi ba. Dama ni ba mai magana ba ce. A aji ma, ko na san amsa, sai in bar wata ta faɗa.

Ana gobe kasuwa, da na dawo lekol, Baba Ƙarami ya miƙo mini tsintsiya ya ce in share ɗakin, don zai ɗauki akwatin ya kai Maraɗi. Ya tsaya a ƙofa yana magana a waya. Na durƙusa bayan tebur, inda babu wanda ke sa kai sai mai shara. A nan na ga igiyar da ke kawo wa akwatin wuta. Baƙa ce mai kauri, kamar yadda na santa. Amma can wajen da ta kwanta a ƙasa an naɗe ta da sikoc, irin na liƙe waya, kuma akwai ɗigo-ɗigon koren fenti a jikinta. Ɗakin nan ba a taɓa yi masa fenti ba. Na kai ta hanci. Ƙamshin turaren wuta ne da tsohuwar tabarma.

Ina riƙe da ita sai aka kira la'asar. Muryar Kaka ta fito ta lasifika, ta cika unguwa, har gilashin taga ya yi rawa. Sai na tuna cewa kafin wannan rikici lasifikar masallaci ta yi kwanaki ba ta aiki. Kaka da bakinsa yake kira, har muryarsa ta dishe, mata suna cewa ba sa jin lokacin salla. Na yi ta ƙoƙarin tuna yaushe lasifikar ta dawo aiki. Ranar da ordinater ta mutu ne. Ƙofar masallacin kuma koriya ce, bara aka shafa ta, fentin ya ɗiga ko'ina.

Na ajiye igiyar a hankali kamar za ta sare ni. Wa zan gaya wa? In ce wa Baba Ƙarami ubansa nake zargi, ai mari ne zai fara isowa. Mahaifiyata kuwa surukar Kaka ce, ko sunansa ba ta faɗa, za ta rufe mini baki ne. Kuma in ba haka ba ne fa? Fenti ai ba na masallaci kaɗai ba ne.

Amma akwai hanya ɗaya da ke buɗe gare ni, wadda ban taɓa bi ba. Jika tana iya faɗa wa kakanta abin da ɗansa ba ya iyawa, muddin da wasa ne. Kaka kullum amaryarsa yake kirana. Sauran jikoki mata sukan rama, su ce ya tsufa, ba shi da haƙori, ba sa son shi. Ni kuwa sai in ajiye kwano in gudu.

Bayan salla na karɓi furarsa na kai masa ƙofar gida, inda yake zaune da wasu tsofaffi biyu.

"Ga amaryata," in ji shi. "Yau ma bebiyar aka aiko mini?"

Na ce, "Na fasa auren."

Ya kara hannu a kunne. "Mi kika ce?"

Ban yi tunanin wannan ba. Wasan da zan yi, dole sai da ƙarfi. Na buɗe baki na ce, "Na ce na fasa auren! Ba ni auren ɓarawon igiya!"

Tsofaffin suka fashe da dariya, ɗaya har da tari. Kaka ya tafa hannu. "Allahu akbar, bebiya ta yi magana! Igiyar wa na sata, ta guga ko ta jaki?"

"Ta ordinater! Ka bar mana taka mai koren fenti!"

"A'a, amarya, gyara bakinki. Wannan musanya ce, ba sata ba. Kansu iri ɗaya, rami uku-uku, na gwada ta shiga daidai. Ɗakin ɗana, ƙofa buɗe, sai na nemi izini?"

"Ai taka matacciya ce!"

"Ga ampilin lasifika ta mutu, don shi aikinshi babba ne, gari yake tayarwa. Wancan akwati da ba ya ko tari? Kuma igiya nawa gare shi a baya? Ɗaya ta gaji, sauran su taimaka."

Aka sake dariya. Ni kuwa wasan ya ƙare mini. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Kaka, ordinater ba ta tashi tun ranar. An ce Yaya ce ta lalata ta. Gobe za a mayar da ita ƙauye, ta bar lekol."

Wannan ya ji shi, ko da ban ɗaga murya ba. Ya ajiye ludayi. Ya dube ni ya ce, "Don mi ba a gaya mini ba?" Bai jira amsa ba. Ya sa takalmi ya nufi masallaci, ya dawo da igiya a naɗe a hannu, baƙa, mai tsabta.

Baba Ƙarami ya miƙe da ya gan shi a ƙofar ɗakin. Kaka ya miƙa masa ya ce, "Sa wannan." Ya sa. Ya danna maɓalli. Shuɗiyar wuta ta kama, fanka ta fara huci, akwatin yana buɗe a gefe, guraban nan biyu suna nan wayam kamar yadda suke.

"Baba, ai da kun faɗa," in ji shi, murya ƙasa.

"Ka tambaye ni?"

"To amma waɗannan gurabun..."

"Ranar da ka sayo ta, ka buɗe ka ga mi ke ciki?"

Bai buɗe ba. Ya tsaya yana jujjuya turnabis a hannu. Kaka ya leƙa cikin gida ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Yarinyar nan ba inda za ta." Da zai wuce ya dungure mini kai. "Ke kuma, na ɗauka amarya na samu, ashe jandarma ce."

Ba wanda ya ba Yaya haƙuri. Baba Ƙarami ya aiko ni da makulli in kai mata, ta dube shi a tafin hannuna ta ce in mayar, bayanta na ciwo. Ba ta sake share ɗakin ba har ta gama kolej.

Da magariba Kaka ya kira salla da bakinsa, muryar a dishe, da kyar take ƙetare katangarmu. Muna ɗaki muna jin ta. Yaya ta kwance ƙullinta, ta fiddo kaye-kayenta ta jera su a inda suke da, ta rataye rigar lekol a ƙusa. Sannan ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke," in ji ta. "Har madafa muka ji ki. Dama kina da baki?"