Wanda Ke Can Ƙarshen Waya

Yayana ne ya samo mini aiki a ma'aikatar da yake, wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina da mata da 'ya ɗaya. Tafireta na koya bayan na bar makaranta, da ita kuma aka ɗauke ni. Shi ne mai kula da kwamfutar ma'aikatar. Gida ɗaya muke zaune a unguwar Lamisula da ke Maiduguri, gidan mahaifinmu, shi a sashen gaba, ni a na baya. Kullum da safe a babur ɗinsa muke tafiya, ina bayansa.

Kwamfutar guda ɗaya ce tal, wani babban akwati a ɗaki mai iyakwandishan da tagar gilashi. Ɗakin sanyi muke ce masa. Daga bayan akwatin wayoyi suka fita, suka bi ta silin zuwa ofisoshi, kowace ta ƙare a jikin abin da ake kira taminal: allo mai koren rubutu da madannai a gabansa. Taminal ba shi da ƙwaƙwalwar kansa. Abin da ka buga sai ya je ɗakin sanyi ya dawo kafin ka gan shi a allonka.

Sai gudun taminal da na akwatin sun zo ɗaya suke jin juna. In aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, wasu taminal ɗin sai su manta saitinsu, allo ya cika da wasu alamomi marasa kai da gindi. Gyaran yana hannun Yaya. Zai zauna gaban nasa allon ya buga umarni mai harafi huɗu, stty, ya bi shi da lambar gudu da sunan wayar da yake son gyarawa. Sai dai daga ɗakin sanyi ba ya ganin allon da ke can ƙarshen waya, kuma babu tarho tsakanin ofisoshin. Dole wani ya je can ya tsaya, ya duba, ya faɗa masa.

Ni ne wannan wanin. Allah ya ba ni murya, har nakan kira salla a masallacin layinmu in ladan ba ya nan. Yaya zai tokare ƙofar ɗakin sanyi da ƙafarsa, yana ƙorafin sanyinsa na zubewa waje, ya ɗaga murya.

"Ladan! Danna!"

Sai in danna babban madannin, in duba allon.

"Shirme ne, Yaya!"

"Yanzu fa?"

"Har yanzu rubutun aljanu ne!"

Daga lambar gudu dubu tara da ɗari shida yake farawa, ya yi ta saukowa. Ofisoshin kusa ba sa ba da wahala. Na sito, da ke can ƙarshen baranda, wayarsa ta yi tsawo, ba ta ɗaukar gudu, sai an sauko ƙasa sosai. In kalmomi suka bayyana daidai sai in cika ƙirjina da iska.

"Ya fito!"

Matan ofishin albashi su toshe kunnuwa. Wata dattijuwa a cikinsu ta taɓa ce mini da Barbarci wai in rage, mutanen Old Maiduguri da ke can nesa ba su yi mini laifin komai ba.

A gida ni da Yaya ba ma hira. Ya girme ni sosai, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma kunyarsa nake ji kamar ta uba. In gaishe shi da safe, ya amsa, ya tambayi iyali, shi ke nan. A barandar nan kaɗai yake kirana da ƙarfi, ya yi shiru yana jiran abin da zan ce, kuma ba ya motsa hannunsa sai na faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma in aka ɗauke wuta a wurin aiki daɗi nake ji.

Ana nan aka ɗauko masa mataimaki. Mutumin kudancin Borno ne, daga wajen Lassa, Kirista, mahaifinsa malamin makaranta. Ya yi karatun kwamfuta mai zurfi, yana zaune a unguwar Dala wurin ƙanwar mahaifiyarsa. Tun ranar farko Yaya ya sa masa Injiniya, sunan kuwa ya bi shi. Mutum ne mai ladabi. Da hannu biyu ya gaishe ni, ya ce mini Malam, alhali tsakaninmu a shekaru babu nisa.

Da aka sake ɗauke wuta, Yaya ya ce Injiniya ya bi ni ofishin sito ya ga yadda muke yi. Ya tsaya gefena yana kallo, na yi kira biyu. Sai ya ce in ba shi wuri kaɗan. Ya danna wani madanni da ban taɓa sanin amfaninsa ba, wani shafi ya buɗe a allon, ya canja lamba ɗaya, rubutu ya fito. Ban yi ihu ba ranar, don ban san wa zan ce ya gyara ba.

Muka koma ɗakin sanyi tare. Injiniya ya ce, "Oga, ai ba sai an wahalar da Malam ba. Ana iya aika rubutu daga allo zuwa allo. Ka turo mini layi ɗaya. In ya fito zan ba ka amsa, in ka ji shiru sai ka sauke gudun."

Yaya ya ce, "Kai, da gaske? Nuna mini."

Ya jawo masa kujera. Ban taɓa ganin Yaya ya jawo wa wani kujera a ɗakin nan ba. Na ɗan tsaya bakin ƙofa, sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, in rufe, sanyi na fita.

Daga ranar baranda ta yi shiru. Dattijuwar ofishin albashi ta ce Allah ya karɓi addu'arta. Teburina yana kallon tagar gilashin, don haka komai a idona ake yi. In aka tayar da janareto, sai Injiniya ya wuce ta gabana ya ce, "Sannu da aiki, Malam," ya nufi sito. Yaya ya yi bugu, ya jira, ya sake bugu. Can sai in ga kafaɗunsa suna rawa, yana dariya shi kaɗai da allo. Gyaran da ba ya ɗaukar lokaci sai ya kai su har kusan azahar. Ni kuwa ina ta buga takardun mutane, ina kuskure a kalmomin da na sani tun ina firamare.

Na yanke shawarar in koya. Na roƙi Yaya, ya nuna mini a tsaye, da sauri, yana duba agogo. Ya ce umarnin nan ba gudu kaɗai yake gyarawa ba, shi ke faɗin wane madanni ne zai goge harafi, shi ke sa abin da ka buga ya bayyana ko ya ɓuya. Na gyaɗa kai kamar na gane. Wata rana da hantsi, ba kowa a ofishinmu, na zauna gaban taminal na gwada abin da na ga suna bugawa. Na danna babban madanni. Daga nan duk abin da na buga, allo ba ya nuna komai. Na buga, na buga, shiru. Na je na ƙwanƙwasa gilashin.

Yaya ya leƙo, na faɗa masa. Ya ce, "Wa ya aike ka? Kira Injiniya ya duba maka."

Injiniya ya zo bai yi dariya ba. Na so a ce ya yi. Ya ce ba lalacewa ya yi ba, yana jin duk abin da nake bugawa, nunawa ce kawai ya daina. Ya ce in buga a makance, ya riƙa faɗa mini harafi ɗaya bayan ɗaya: stty, in bar fili, sannan kalmar Turanci sane. Na buga, na danna, rubutu ya dawo.

Ya ce, "Ka gani? Hannunka ma ya fi nawa, Malam. Ni sai na kalli madannai. In kana so, in an tashi sai mu riƙa zama ina nuna maka."

Na ce na gode, iyali na jirana a gida. Ba daga wurinsa nake son in koya ba.

Da yamma a kan babur, mun kusa shiga unguwa, na yi ƙarfin hali.

"Yaya, me kuke rubuta wa juna ne haka kuna ta dariya?"

"Aiki."

"Aikin ne ke ba ka dariya?"

"Kai kuma tun yaushe ka shiga ɗan sanda? Riƙe ni da kyau, ga rami."

Na riƙe shi. A lokacin ne na fara jin ya rame, haƙarƙarinsa a ƙarƙashin hannuna. Na ɗauka azumin nafila ne da ya tsananta.

Haka muka ci shekara da wani abu. Da Salla matar Yaya ta aika wa Injiniya nama har Dala, da Kirsimeti ya kawo mana shinkafa da kaji masu rai, don mu yanka da kanmu. Mahaifiyarmu ta ce yaron kirki ne. Kowa haka yake faɗa, ni ma haka nake faɗa, domin gaskiya ce. Na nemi laifinsa har na gaji, ban samu ba.

Da bazara Yaya ya kwanta. Ciwon hanta ne. An kai shi asibiti, aka dawo da shi gida da magunguna, likita ya ce a yi ta addu'a. Ni nake ɗaga shi, ni nake kai shi bayi, ni nake zama gefensa ina yi masa fifita. Ba ya magana sosai. In ya buɗe baki, ruwa yake so ko a gyara masa matashi.

Wata la'asar ya farka da ɗan ƙarfi, idonsa garau. Na yi murna, na matso, na ɗauka zai yi mini wasiyya a kan yara ko a kan gidan. Sai ya ce a kira masa Injiniya. Da ya iso, Yaya ya ce in je bakin titi in samo wa baƙo lemo mai sanyi. Ranar ba wuta a unguwar, sai da na yi tafiya mai nisa kafin na samu mai ƙanƙara.

Tun daga zaure na jiyo muryarsa, irin wadda na daɗe ban ji ba. Yana faɗa wa Injiniya kada ya yarda kowa ya ɗaga gudun wayar sito, ko manaja ne ya ce. Yana faɗa masa wace firinta ce ke haɗiye layi in ba a saita mata jira ba, da wace mata ce a ofishin albashi ke kuka in madannin gogewa ya canja mata. Su duka biyu suna dariya. Na tsaya da kwalaben a hannu har sanyinsu ya fara cin yatsuna, sannan na yi sallama.

Ina shiga na ga ƙarfin nasa ya ƙare. Ya lumshe ido ya ce, "Raka shi." Bayan wannan bai ƙara yin wata doguwar magana da kowa ba.

Ranar jana'iza Injiniya ya bi mu har maƙabarta. Da aka yi sahu ya ja gefe, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar maina, wato darbejiya, hannuwansa a baya. Ni na shiga kabarin, ni na karɓi Yaya, ni na juya fuskarsa gabas. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

A kwanakin zaman makoki Injiniya ya sake zuwa. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, ya yi wa kowa gaisuwa yadda ya ji ana yi. Da zai tafi na tashi na taka masa. Muna tafiya a layin har muka kusa titi, sai ya tsaya.

"Malam, ya yi haƙuri ƙwarai. Tun daminar bara da likita ya faɗa masa, ko sau ɗaya ban ji ya yi ƙorafi ba."

Na ce, "Daminar bara?"

Ya dube ni, sai fuskarsa ta canja. Mu a gida ba mu sani ba sai da ya faɗi a tsakar gida, da bazara.

Ya ce, "Na ɗauka kai ya gaya maka daga baya."

"A ina ya gaya maka?"

"Ina sito, muna gyaran waya. Na rubuta masa ya fito, sai ya turo mini maganar ciwon." Sannan ya ƙara da cewa, "Ya ce a rubuce ya fi masa sauƙi, ba sai yana kallon fuskar mutum ba. Ya ce kada in faɗa wa kowa."

Na ce masa ya kyauta da ya riƙe amana, Allah ya saka masa. Ya kama hannuna da nasa biyu, idonsa ya yi ja, yana son ya ƙara wata magana, sai ga motar Dala ta tsaya. Na ce ya shiga kada ta cika. Na tsaya har ta tashi, sannan na koma, don wasu sababbin masu ta'aziyya sun iso, kuma yanzu ni ne babba a gidan.