La'ada Uku a Kan Gidan Hure

Sabo dillali ya karɓi kafin alƙalami a hannun Hure tana cikin takaba, yanzu kuma ya hana ta gidan, wai sai ta biya la'ada har uku. In Juma'a ta zo ba ta cika ba, gida ya tafi, abin da ta fara bayarwa ma ya bi shi.

Hure ƙanwar mijina ce. A wani ƙauye can gefen Shanono ta yi aure, ta fi shekara ashirin tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli. Ba ta iya ja-in-ja ba. Ko ciniki ake, ka ɗan matsa mata sai ta ce, "To ɗauka, Allah ya amfana." Da ɓarayin daji suka fara shigowa yankinsu, mijinta Yuguda ya shiga cikin masu gadin gari, ruwa da iska duk a kansa, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Bai tashi ba. Bayan sadakar bakwai ta kwaso yaranta huɗu ta taho wurinmu, nan kusa da Dawakin Tofa.

Ɗakin hatsi muka share mata, ga kaka ta matso, dawa za ta shigo gida. Shi ya sa aka sayar da shanun noman Yuguda da 'yar gonarsu, a nema mata matsuguni. Mijina yana kudu neman abinci. Ita kuwa ba ta fita. Malamai sun ce mai takaba na iya fita in da lalura, amma a garin nan ko ƙofa ta leƙa sai an yi da ita. Sabo ya san haka sarai.

Ni na je na gano gidan da Sabo ya samo, ɗaki biyu da rijiya, ba laifi. Sabo ya zo ya tsaya a zaurenmu, Hure tana bayan bango, aka yi magana: la'ada biyar cikin ɗari, in an sallama. Ta miƙo kafin alƙalamin ta hannuna.

Ran da za a cika kuɗi sai ga Sabo da maza biyu.

"Wannan Mati ne, shi ya tsegunta min gidan. Wannan Iliyasu, a bakinsa Mati ya ji. Kowa da haƙƙinsa."

Na ce, "To ku raba biyar ɗin mana. Ba haka ake yi ba?"

"Hajiya, wannan a da kenan. Kin san nawa kwanon masara yau?"

"Ban je Makka ba tukuna, Sabo. Kuma ita Hure a kyauta take samun masarar?"

Mati ya yi dariya ya ce, "Wannan 'yar bokon za ta ɓata mana ciniki."

Daga bayan bango Hure ta ce, "Yaya, ko a ba su ɗin?"

A ba su da me? In ta ba su, jarin gyaɗarta ne ya tafi. Ta shiga gida da yara huɗu su ci bango?

Kowa ya san al'adar dillanci. Ko su goma ne suka taka ƙafa, la'ada ɗaya ce, su je gindin bishiya su raba abinsu. Kuma wajen masu gidan ma Sabo zai karɓi tasa. Na je neman su, maƙwabta suka ce magada ne, suna birni, lambarsu tana wayar Sabo kaɗai. Shi ne bakinsu, shi ne kunnenmu. Wai wani daga Rijiyar Zaki yana jira da kuɗi a hannu. Akwai shi, babu shi, oho.

Tun ranar Hure ba ta cin abin kirki. Babur ya tsaya a waje sai ta miƙe, ta ɗauka an zo ce mata an sayar. Jiya na tarar ta kwance ƙullin kayanta, ta sake ɗaurewa, ba ta ma san tana yi ba.

Mai unguwa da shugaban dillalan garin nan, da ku nake. Ku sa Sabo ya kawo magadan nan zaurenmu kafin Juma'a, Hure ta ji farashi daga bakinsu ko ta bayan bango ne. Biyar cikin ɗari aka yi da ita, biyar za ta biya. In kuma kun ga ba za ku iya ba, ku karɓo mata kafin alƙalaminta cif, yau ba gobe ba.