Sunayen da ke Bayan Katifa

Baba Mai Fenti ba ya wuce bangon shataletalen unguwarmu da hula a kansa. Ko a bayan babur yake, sai ya cire ta ya dafe a ƙirji har su wuce.

Bangon siminti ne, tsayinsa ya ɗan fi mutum, an sassaƙa masa sunayen sojoji saba'in da uku da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Ƙanensa na cikinsu, can sama. Uwarsu ba ta ga gawa ba, akwatin ƙarfe aka kawo mata da takalma da cokali. Shi kuwa Baba, rubutun allunan shaguna ne sana'arsa. Duk shekara, ana saura kwana uku ranar tunawa da sojoji, yakan rufe shago ya zo da baƙin fenti da siririn buroshi, ya bi haruffan da rana da ruwa suka cinye. Ba wanda ya sa shi. Daga ƙasa yake farawa, inda taɓon motoci ke fantsama, kuma in ya zo kan sunan ƙanensa sai ya tsallake, sai ya gama da kowa.

"Malam, ka fara da naka mana," in ji matarsa.

"In fara da nawa? Su sauran daga sama suka faɗo?"

Yanar ido ta zaunar da shi shekara biyu. Kafin a yi masa aiki sunayen sama sun kusa ɓacewa, an kuma buɗe katafaren kantin kayan ɗaki a tsallaken titi. Da ya dawo da gwangwaninsa sai ya tarar an rufe rabin bangon na sama da ƙyallen talla: RANGWAMEN JARUMAI. Ga hoton soja kwance a kan katifa da takalmansa, yana washe baki. Ƙusa ɗaya ta shiga tsakiyar sunan wani kofur.

Ya tsallaka ya nemi manajan kantin, wani sa'an ɗansa mai ƙamshin turare.

"Baba, ai karrama su muke yi. Ba ka ga soja a jiki ba?"

"Na gan shi. Yana hutawa."

"Sati ɗaya ne kacal. Kai ma tsohon soja ne? Akwai ragi na musamman ga mai kati."

"Ƙanena ne sojan."

"To ka turo shi mana!"

"Yana nan bayan katifarka."

Manajan ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce tsohon nan akwai barkwanci.

Baba ya koma bangon, ya durƙusa ya yi sunayen ƙasa. Ranar taron, da aka ce a yi shiru na minti ɗaya, kantin ya rage kiɗa, bai kashe ba. Wasu samari biyu cikin kakin haya, da bindigogin roba, suna raba takardun talla suna sara wa mata. Manya suka zo suka ajiye furanni a ƙarƙashin katifar. Mai ɗaukar hoto ya ce, "Dattijo, ɗan janye gwangwanin nan, yana ɓata mana hoto." Ya janye.

Sati ya zama wata, ƙyallen na nan. 'Yarsa ta ce ya yage shi kawai.

"Ba ni na kafa ba," in ji shi.

Sai ya kawo kujera ya taka, ya cusa kansa tsakanin ƙyallen da bango. Daga titi ƙafafunsa kawai ake gani. Wurin babu iska, babu haske sosai, robar ƙyallen ta ɗau zafin rana. Kwana shida yana haka, suna huɗu ko biyar a wuni. A na bakwai buroshin ya faɗo, mai shi ya biyo baya. Ya rayu, amma hannun dama bai sake ɗaguwa ba.

Da aka zo sauya tallar zuwa ta firji, na tsaya na duba bangon. Ya kai suna na sittin da takwas, rabinsa baƙi, rabinsa fari. Saura biyar a gaba, ga kuma na ƙanensa da ya tsallake, wanda sai ka shafa da yatsa kafin ka san akwai rubutu a wurin.